Ranar da Mastura Ta Daka wa Surukinta Tsawa

Mastura malama ce a unguwar Safa ta Jidda, kuma tun aurenta kunya ba ta bar ta ta yi wa surukinta, Alhaji Abdulghaffar, magana ba. Da hutu, iyalin suka hayi jirgin ruwa mai ɗakunan kwana a wani tafki, suka tsayar da shi a gindin wani dutse. Tana miƙa masa shayi sai ta hango dutsen da ke samansu yana tsagewa. Ta yi gyaran murya, bai ji ba. Da tsakuwa ta fara zubowa, ta finciko rigarsa.

"Baba, yalla, maza tashi!"

Dutsen ya rufto cikin tafkin, ruwa ya taso ya kwashe kujerarsa.

"Ashe kina magana, 'yata?" in ji Alhaji, a jiƙe.

Mastura ta sunkuyar da kai, ta ba shi haƙurin shayin da ya zube.