Kaset ɗin Inna Hamsatu

Har gobe ba zan manta da ranar da Inna Hamsatu ta shigo shagonmu na ɗaukar bidiyo a Bagudo ba, da kaset naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ku da kuka tarar ana aikin nan da waya, bari in yi muku bayani. A lokacin kyamararmu mai hawa kafaɗa ce, babban kaset take ci. Ni ne mai ɗauka, Alhaji Manu shi ne mai shago, shi ke karɓar aiki ya raba. Muna kuma da na'urar juye tsohon kaset zuwa faifai, ita ta kawo Inna tun daga Bahindi.

Tsohuwa ce mai sayar da busasshen kifi, amma da ƙuruciyarta 'yar fim ce, tun zamanin majigi. Wasu masu shirya fim daga ƙetaren iyaka ne suka ji muryarta a wurin biki, suka sa ta a finafinansu na Dendanci da Hausa, ana haskawa a jikin farin ƙyalle a filin kasuwa har cikin ƙasar Benin. Ta sha zagi a gida, aurenta na fari ma a kan haka ya mutu. Da ta tsufa kuma sai abin ya juye, in ta ba da labari jikokinta su yi ta dariya, wai Inna ta fara ruɗewa. Wannan kaset shi kaɗai ya rage mata, wani tsohon mai majigi ya juye mata shi a Kandi, can cikin Benin, kafin ya rasu.

Ta ce, "Ɗana, amana ce na ba ka. So nike yaran ga su gani da idonsu, su bar ce min maƙaryaciya."

Ranar babu wuta, na ce ta dawo ran kasuwa. Na rubuta sunanta a jikin kaset ɗin na ɗora shi a kan kantar shago. Hankalina kwance, domin kowane kaset yana da ɗan harshen roba a gefe, in aka karye shi kyamara ba ta yarda ta ɗauki komai a kai. Na Inna a karye yake.

Washegari aka tura ni Lafagu ɗaukar saukar karatu. Bayan fitata wani babban ɗan kasuwar iyaka ya kawo aikin suna, ga shi sababbin kaset sun ƙare. Al'adar Alhaji ce in haka ta faru ya zari tsohon da ba a zo karɓa ba ya ɗauka a kai. Ya zari na Inna, ya toshe ramin harshen da salatif, ya saɓi kyamara da kansa.

Da na dawo na gani, sai na tare shi. Na ce, "Alhaji, salatif ba ya manna kansa. Ba ka ga sunanta ba?"

Ya ce, "Na gani, har na sa na duba. Yarinya ce ka waƙa bakin gulbi, ko kala babu. Wa ka kallon wanga yanzu? In ta zo ka ba ta sabo."

Wannan magana ta fi ɓarnar ci mini rai. Da kuskure ne da na haɗiye. Mutumin nan ya kalla, ya auna, ya yanke cewa ragunan ɗan kasuwa sun fi ƙuruciyar matar nan daraja.

Ran kasuwa Inna ta zo da jikoki biyu mata, sun ci ado kamar za su biki. Alhaji yana hango su ya tuna yana da ta'aziyya, ya fice. Ni aka bari da bakin faɗa, na kuwa faɗa ban rage komai ba. Da na gama ta ce, "Sa mu gani."

Na sa. Ga raguna, ga manyan riguna, ga mutane suna ɗaga wa kyamara hannu da shinkafa a baki. Na yi ta turawa gaba. Can kusa da ƙarshe, inda aikin sunan ya tsaya, hoton ya yi rawa, kala ta ɗauke. Sai ga wata budurwa a cikin kwalekwale, ta ba mu baya, tana tuƙi tana waƙa da Dendanci. Inna ta kama waƙar daga kan bencin da take, baiti bai kuɓuce mata ba. Jirgin ya yi nisa, fim ya ƙare.

Ƙaramar ta ce, "Inna, to ina huskar?"

Ta ce, "Tana ƙarƙashin ragunan suna."

A watan na bar shagon, ban kuma yi nadama ba. Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan na'ura ba ta goge kowa don kanta, sai wani ya zauna ya ga cewa wane bai isa a tuna da shi ba. Masu irin wannan zuciya kuwa har yanzu suna cikinmu, sai dai yau da ɗan yatsa suke gogewa a waya. Ɗan guntun da ya tsira na juye musu a faifai. Inna ta rasu, jikokinta kuma har yau ƙeyar kakarsu suke nuna wa 'ya'yansu.