Jakunan da Kogi Ya Kai Bungudu

Mu uku muka ƙirƙiro wasan fatake a gidan kakarmu a Gusau, lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ni ce 'yar gida. Sai ɗan kawuna da ake kawowa daga Tsafe duk dogon hutu, da 'yar gwaggona ta Bungudu. Ruwan sama ne ya tsare mu a rumfa wata rana, muka ɗauki tsinke muka zana hanya a ƙasa: ga kasuwa, ga dajin 'yan fashi, ga kogi. Kowa ya samo marfin kwalbar lemo ya zama jakinsa. Ni ce madugu, mai faɗin abin da ayari ya tarar a hanya, don na fi su baki, kuma har yau ban ga wanda ya ƙwace mini wannan ba. In abu ya zo na sa'a, sai a jefa ɗan lido, abin da ya nuna shi ke nan.

Dokar kogi ce mai zafi. Duk wanda ya jefa ɗaya a bakin ruwa, kogi ya tafi da jakinsa da kayansa. Marfin sai a wurga shi cikin wani tsohon gwangwanin madara, mai shi ya koma farko da sabon jaki.

Ɗan kawuna yana da wani jan marfi da yake gogewa da toka har ya riƙa ƙyalli. Jakin nan ya sha tsallake kogi lafiya, sai ana gobe za a mayar da ɗan kawun nawa Tsafe ya jefa ɗaya. Ya ce, "Madugu, don Allah in sake." Na ce haka doka take, kowa ma haka aka yi masa. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa, ya ce shi da wasan nan har abada.

Abin ya dame ni ƙwarai, don shi ne gishirin wasan. Shi ke yin muryar kura, shi ke yin ta sarkin 'yan fashi, shi ke yin kukan jaki har Kaka ta leƙo ta ce wa ya bar mata ƙofa a buɗe.

Da hutu ya zagayo suka dawo. Na ɗauka ya huce, ashe yaron nan riƙo gare shi. Muka zana hanya, shi kuwa ya kifa turmi ya zauna ya ba mu baya, wai danƙonsa yake gyarawa. Na gwada yin muryar kura da kaina, 'yar gwaggona ta ce kamar akuya mai mura. Wasa ya yi lami.

Ana nan sai jakinta ya iso kogi. Ta jefa, ɗaya ta fito. Ko a jikinta, ta sa hannu ta ɗauke ɗan lidon za ta sake.

Na ce, "Ke! Me kike yi haka?"

Ta ce, "Sakewa mana. Ai mai ɗaya yana da sakewa."

Ba cuta ta yi niyya ba. Ashe da ta koma Bungudu ta koya wa yaran unguwarsu wasan, ƙanana suka riƙa kuka in ruwa ya ci jakinsu, aka sassauta musu. Shekara guda tana yin haka, har ta manta ba da shi muka fara ba.

Mai gyaran danƙo, wanda wai ba ya kallonmu, sai ga shi tsaye a kanmu. "Lallai ma! Ni da na roƙa aka hana ni? Wallahi in ta sake, a fito mini da nawa!"

Ita ma ta ce in aka taɓa jakinta ta bar wasan. Raina ya ɓaci, na ga ina shirin zama madugun da ba shi da ayari.

Kaka tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago ba ta ce da ni, "Madugu, kogin nan naku guda na, ko biyu?"

Na ce guda ne.

Ta ce, "To kogi guda ba ya cin jakin maigidana ya ƙyale na wagga. Ku dai san yadda za ku yi." Maigidanta take kiran ɗan kawuna, irin wasan kaka da jika. Ta watsa gyaɗa a baki ta ƙara da cewa, "Ni ko ruwan Gusau da na sani, ba ya tsayawa Gusau."

'Yar gwaggona ta yi caraf ta ce, "Ta wajen garinmu yake wucewa."

Nan take abin ya faɗo mini. Na gyara zama, na yi gyaran murya irin ta madugu, na ce daga yau babu sakewa, ko a Gusau, ko a Tsafe, ko a Bungudu. Mai ɗaya, ruwa zai tafi da jakinsa, kaya su salwanta. Amma jaki ba ya mutuwa: kogi zai kai shi Bungudu ya ajiye a gaɓa, mai shi ya bi hanya ya ɗauko abinsa. Kuma tunda kogin guda ne, duk jakin da ya taɓa ci, can ya kai shi. Na sa su maimaita, muka rubuta dokar da gawayi a bangon rumfa don kada wani gari ya sake yi mata kwaskwarima.

Sannan na ɗauko gwangwanin na zazzage. Marafai suka watsu, duk sun yi tsatsa. Ɗan kawuna ya durƙusa yana tonawa har ya ga jan nan nasa, ya tofa masa yawu ya goge da bakin riga.

'Yar gwaggona ta ce, "Sai ka gode mana. Shekara guda muna ba shi harawa a Bungudu."

Ya ɗaga kai sama ya saki kukan jaki, irin mai shiƙa a ƙarshe. Jakin maƙwabta na gaske ya amsa masa daga bayan katanga. Kaka ta yi dariya har faifan gyaɗarta ya kife.

Ya ajiye marfin a bakin kogi, ya miƙo hannu a ba shi ɗan lido, ya ce, "To Madugu, ina muka tsaya?"