Koci Orval Pruitt ya tafi, saura kwana shida a sa hannu

Ranar Alhamis, shida ga Nuwamba, da hantsi, Allah Ya yi wa Koci Orval Pruitt rasuwa yana da shekara sittin da takwas. Zuciyarsa ce ta buga a cikin mota, a bakin wata makarantar sakandare da ke gabashin Kentucky, inda ya je kallon atisaye. Shekara talatin da ɗaya yana nemo wa Jami'ar Tarlow Ridge 'yan wasan ƙwallon kwando. Ni Hollis Crabtree, mai sayar da motocin hannu, ni na sayar masa da motar da ya cika a cikinta.

Koci, bari in fara da abin kunya, tunda ka san halina. Labarin ya same mu ne muna shan kofi a shagon Opal. Wasu suka cire hula. Ko minti biyu ba a yi ba wani ya ce, "To, Dontrell fa?" Ni ne wanin.

Dontrell Maysey kenan, matashin da masu auna 'yan wasa suka ba tauraro biyar, irin wanda garin nan bai taɓa samu ba. A watan Yuli ya yi maka alkawari da baki cewa jami'armu zai zo, a teburin cin abincin mahaifiyarsa. Babu takarda sai Laraba mai zuwa, ranar da zai zauna gaban huluna uku na jami'o'i uku ya ɗauki ɗaya ya sa. Kowa ya san da kai ya ƙulla maganar, ba da ginin makaranta ba. Tun ranar Alhamis ɗin mahaifiyarsa ta ce wayarta ba ta huta ba, kociyoyin wasu wurare na ta kiran yi mata gaisuwa. Na san irin wannan gaisuwar, ni ma ɗan kasuwa ne.

Mun cutar da kai a garin nan. Shekarar da ka kawo Ansel Begley, gajere mai tauraro biyu, na kira gidan rediyo na ce idonka ya mutu, a yi maka ritaya. Washegari ka zo a duba maka birki, ka ce, "Hollis, na ji ka jiya. Da a bakinka ake jefa ƙwallo da mun ci kofi tuntuni." Ansel ya karye a gwiwa a shekararsa ta biyu, muka manta da shi cikin mako guda. Kai ka tsaya har aka bar masa karatunsa kyauta, kuma kai kake kai shi asibiti duk Talata. Yau shi ne shugaban makarantar da jikokina suke.

Ban taɓa ganin mai talla irinka ba. Kakan shiga gida ka gaya wa uwa cewa ɗanta zai shekara a benci kafin ya taɓa ƙwallo. Na ce maka da a ce haka nake sayar da mota da tuni na rufe shago. Ka ce ai shi ya sa mutum ba ya sayen mota sau biyu a wurina.

Akwai kuma maganar da ban taɓa faɗa a fili ba. Doka ta hana mu magoya baya zawarcin ɗan wasan da bai sa hannu ba. Shekara tara da suka wuce na ara wa mahaifin wani ɗan wasa mota, ina ganin wayo na yi. Maganar ta fito, aka haramta mana ɗaukar yaron, aka dakatar da kai wata uku. Ba ka ambaci sunana ga kowa ba. Abin da kawai ka ce mini shi ne in tsaya ga yin tafi a filin wasa, sauran in bar maka.

Yanzu ga inda hankalina ya tashi. Marlene, matarka, ta zaɓi mutum shida da za su ɗauki akwatin gawarka ranar Litinin. Ina ciki, Dontrell ma yana ciki, kuma ni ne a bayansa. Tun jiya mutum goma sha ɗaya suka kira ni, kowa na cewa in ɗan raɗa masa kalma guda a kunne. Wasu har sun shirya zuwa coci da rigunan ƙungiya, su cika benci ya gani. Jama'a, ina roƙonku, ku zo da baƙaƙen kaya. Yaron nan zai zo binne mutumin da ya yarda da shi ne. Kada wanda ya kira sunansa, kada wanda ya ɗauke shi hoto.

Ban san hular da zai ɗauka ranar Laraba ba. Amma daga ƙofar coci zuwa bakin kabari taku saba'in ne, na je na ƙirga, kuma na yi maka alkawarin zan yi su bakina a rufe.

Allah Ya jiƙanka, Koci, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutun da muka hana ka. Marlene, da 'ya'yanku Corliss da Wade, Allah Ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Ku yafe wa garin nan, ku fara da ni.