Tankar Yaya Dogo

Maigidana mai gyaran tabarau ne. Shagonsa bai fi ɗakin girki girma ba, yana tsakanin tela da mai sayar da waya, kuma shekara talatin da 'yan kai ke nan yana zaune a kan kujera guda, yana ɗaure 'yan kusoshin da ni sai na ƙanƙance ido nake ganinsu. Duk layin Mai Tabarau suke ce masa. In ka kawo masa gilashin da ya karkace, ba zai miƙe maka shi kawai ka tafi ba. Sai ya auna tsakanin idanunka, ya duba karan hancinka, ya sa ka ɗaga kai ka sunkuyar. Masu sauri ba sa son sa, amma sukan dawo.

A gida kuma yana da wata sana'ar da ba ta kawo mana komai sai warin gam. Jiragen yaƙi yake haɗawa, 'yan ƙanana na roba, irin waɗanda ke zuwa a kwali gunduwa-gunduwa. Ya yanko kowane yanki da reza, ya goge bakinsa, ya ɗauka da hantsaki ya manna, sannan ya bi da fenti da wani buroshi da gashinsa bai fi uku ba. Na aure shi na tarar da jirage bakwai rataye da zare a falo. Yanzu na daina ƙirgawa. Sau ɗaya ina amarya na ga wani ya yi datti na goge shi da tsumma, ashe dattin ma fenti ne, kwana uku ya yi yana zana shi. Ranar ko sannu ban samu ba.

Doka ɗaya gare shi, ita ce awo. In kwali ya ce jirgin ɗaya ne bisa saba'in da biyu na ainihin, to har ƙusar taya sai ta zama haka. Yana haɗa kujeru da agoguna a cikin jirgi, wurin da in ya manne rufi ba mai sake gani har abada. Na taɓa ce masa wannan ai wahalar banza ce. Ya ce shi ya san suna ciki.

Ba wasan yara ba ne ya bi shi har furfura. Yana da shekara ashirin da biyu ya samu takardar shiga makarantar koyon gyaran jirgin sama, cikin mutane masu yawa aka zaɓe shi. A watan ne kuma wansa ya dawo daga yaƙi yana dogara sanda. Mahaifinsu ya rasu, Inna ta tsufa, ba wani namiji a gidan sai su biyu. Maigidana ya rubuta wa makarantar, suka ce za su riƙe masa gurbinsa shekara guda. Shekara ta cika, ƙafar Yaya ba ta yi sauƙi ba, sai ma abin da ya ƙaru. Sai ya ninke takardar ya tafi ya koyi gyaran tabarau.

Yaya Dogo ake ce wa wan nasa, kuma sunan bai yi ƙarya ba, domin sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falo. Tun da na zo gidan nan yake ɗakin gaba, mai taga biyu, mu muna na baya. Bai taɓa riƙe wani aiki ba. Aikinsa labari. Direban wata 'yar ƙaramar tanka ne, ya taka nakiya, wuta ta kama, ya jawo abokansa biyu ta murfin sama kafin ƙarfe ya danne masa ƙafa. Duk baƙon da ya zo sai ya ji. Ni na ji har na haddace, na san inda zai tsaya ya shafa gwiwa, na san inda muryarsa za ta yi rawa. Maigidana kuwa kullum kamar ranar ya fara ji. In na yi ƙorafin cewa mutum da hannu biyu lafiyayyu ko gadi ai zai iya, sai ya sha mur.

"Ki bar Yaya," yakan ce. "Ya ba da nasa. Ni takarda kawai na bayar."

Bara ne wani abokinsa ya kawo masa kwalin irin tankar nan sak. Bai taɓa haɗa motar ƙasa ba, amma wannan ko kwana bai bari ta yi ba. Ya ce zai haɗa ta ya ba Yaya, tunda tsufa ya zo, ya samu abin nuna wa baƙi. Wata huɗu ya yi a kanta. Da la'asar in ya dawo daga shago sai ya shimfiɗa jarida a teburin cin abinci, ya kira Yaya ya zauna, ya yi ta tambaya. Wace lamba ce a jikinta? Ina ta lotsa? Taɓon wurin ja ne ko baƙi? Yaya ya yi ta ba da amsa ba gargada, shi kuma yana rubutawa a bayan kwali.

Sai ya ce tanka ba direba ba ta cika ba, kuma ba zai sa sojan robar da ya zo a kwalin ba, Yaya zai sa. Ya tsayar da tsohon a jikin bango ya auna shi da tef, tsawo, kafaɗa, cinya, ƙwauri. Ya raba komai gida talatin da biyar, don awon tankar ke nan, ya sassaƙa ɗan mutum-mutumi zaune, hannu a kan sitiyari. Har kunnen Yaya mai ɗan lanƙwasa ya fitar. Ni kaina sai da na yi dariya da na gani.

Ya ɗauke shi da hantsaki zai zaunar a kujerar direba, ya ƙi shiga. Gwiwa ta tokare da allon gaba, kai ya fito waje, murfi ya ƙi rufuwa.

Kansa ya fara zargi. Ya sake auna Yaya, ya sake lissafi, ya sake sassaƙa wani. Shi ma ya ƙi. Sai ya koma kan masu yin kwalin, ya ce sun matse cikin tankar don sauƙin aikinsu, ya yi kwana biyu yana zaginsu a cikin ladabi. A ƙarshe ya ji labarin akwai irinta ta gaske, tsohuwa, an girke ta don ado a ƙofar wani bariki, tafiyar awa biyu a mota. Ya ce zai je ya auna. Na bi shi don a samu mai riƙe ɗaya bakin tef ɗin.

Mun same ta a kan dandamalin siminti, an shafe ta da koren fenti har tayoyin. Wani ɗan guntun tsoho yana ba furanni ruwa a gefenta. Da ya ga mutum da tef da littafi sai ya matso, maigidana ya yi masa bayani, ya ce wansa ya tuƙa irinta.

"Ni ma na tuƙa ta, shekara shida," in ji tsohon. "Wan naka guntu ne kamata ke nan."

"A'a, Baba. Ya fi ni tsawo sosai."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "To ba wannan ba ce. Mu gajeru ake tsincewa a ba mu ita. Kai ɗin nan ma da ƙyar. Hau ka gani."

Ya nemo izini, ya buɗe masa murfin. Maigidana ya cire hula ya miƙo mini, ya zura ƙafafu, ya sauka a hankali. Ina tsaye a ƙasa ina ganin tsakar kansa a waje. Tsohon ya ce ya sunkuya, ya sunkuya, aka jawo murfin ya zauna masa a ƙeya. Ya daɗe a ciki, har tsohon ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya. Da ya fito bai auna komai ba. Ya naɗe tef ɗinsa, ya yi godiya, muka kama hanya.

Mun tarar da Yaya a falo yana sauraron rediyo. Maigidana ya ɗauko tankar da ɗan mutum-mutumin ya ajiye a gabansa, ya kashe rediyon. Bai taɓa yin haka ba.

"Yaya, yau na shiga cikinta."

"Cikin me?"

"Ta gasken. Murfi ya taɓa mini kai. Kai kuma ka ɗara ni da taƙi guda."

Yaya ya yi 'yar dariya. "To ka rage wa ɗan mutumin ƙafa mana. In ka rufe, wa zai gani?"

Maigidana bai yi dariya ba, ya zuba masa ido kawai. Ina bakin ƙofar kicin, na ga dariyar ta bushe a fuskar tsohon. Ya dubi sandarsa, ya dubi taga, sannan ya fara magana da wata murya da ban san shi da ita ba. A sito ya yi aikinsa, barguna da takalma yake rabawa. Daga bayan mota ya faɗo, ƙunshin barguna ya biyo shi ya karya masa ƙafa. Labarin tankar na wani ne da suka kwanta gado kusa da gado a asibiti, wanda bai tashi ba.

"Na iso na tarar gida cike da maƙwabta, kowa na jiran ya ji," ya ce. "Da wane baki zan ce musu bargo ne?"

Wallahi a nan na ɗan ji tausayinsa. Da iyakar abin ke nan, da mun yi dariya bayan kwana biyu. Amma maigidana ba wannan ya dame shi ba.

"Lokacin da na nuna maka takardata, me likita ya ce game da ƙafar?"

Yaya ya shafa gwiwa.

"Yaya, tambayarka nake."

"Ya ce wata shida zan ajiye sanda."

"Ka ajiye?"

"Da na ajiye da ka tafi." Ya ɗago ido. "Ni ban iya komai ba, ƙanena. Kai ke da hannu. In ka tafi wa zai riƙe mu?"

"Inna ta sani?"

"A akwatinta takardar asibitin take."

Maigidana ya jinjina kai kamar an gaya masa farashin wani abu. Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Ni kuwa raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Shekara nawa ina kai wa mutumin nan ruwan zafi don gashin ƙafa. Shekara nawa mijina yana kai wa kabarin uwarsa ziyara yana cewa ba ta taɓa ɓoye masa komai ba. Su biyu suka zauna suka yanke masa rayuwa, suka bar shi yana gode musu. Ban san abin da za a kira wannan ba in ba cin amana ba.

Sati guda bai shimfiɗa jarida a teburin ba. Ya je shago, ya dawo, ya ci abinci, ya kwanta. Bai kori Yaya ba, bai gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanmu. Na ce masa aƙalla mu karɓi ɗakin gaba, ya ce ɗaki ba shi ne abin da aka ɗauke masa ba.

Ranar ta takwas da safe muna karyawa, sai muka ji Yaya daga ɗakinsa. Ya zauna a ƙasa neman takalminsa a ƙarƙashin gado, ya kasa tashi. Shekarun nan biyu gwiwoyinsa duka sun tafi, wannan kam na gani da idona.

"Ƙanena, zo ka ɗaga ni."

Maigidana ya ajiye kofi, bai motsa ba. Kiran ya sake zuwa, a hankali.

"Ka bar shi ya tashi da kansa," na ce. "Ai ya iya."

"Da can ya iya," ya ce. "Lokacin da zai iya bai tashi ba. Yanzu da gaske ne, ni kuma na kai hamsin da biyar."

Ya share bakinsa ya miƙe. Ina jin sa ya shiga ɗakin, ina jin nishinsu su biyu har ya ɗora shi a kan gado. Yaya ya ce masa Allah ya yi albarka. Maigidana ya fito bai ce amin ba, ya ɗauki mabuɗin shago ya tafi.