Gorar Kawu Bawa

Duk wanda ya san Kawu Bawa a Kontagora ya san ba ya wuce sanda. Ko ta dogarawa ce a hannun tsoho, sai ya roƙa a ba shi ya gani. Zai kafa ƙasanta a cinyarsa, ya kama kanta ya lanƙwasa, ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take rawa, sannan ya girgiza kai ya mayar wa mai ita. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na sha jin kunya a bayansa. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da hannuna ya zauna a kan biro na ce labarinsa zan fara rubutawa.

Ran wata kasuwar Beri ya karɓi sandar wani Bafulatani, ya gwada, ya ce, "Wannan ba za ta riƙe kifi ba."

Bafulatanin ya dube shi sama da ƙasa. "To Baba, ai shanu nake kiwo."

"Shi ya sa na yafe mata," in ji Kawu.

Ga mafarin abin. Kawu manomi ne daga Tungan Magajiya, ya je ya nemo Inna Kulu, 'yar masunta daga bakin ruwan Yauri. Ran neman auren mahaifinta ya yi masa ba'a, wai mutumin da bai san kifi ba sai a cikin miya, da me zai riƙe 'yar ruwa? Kawu ya hau dokin zuciya, ya ce a gaban jama'a zai kamo wa Kulu giwan ruwa da hannunsa, kuma da fatsa, ba da taru ba. Aka yi dariya, aka ba shi mata. Kowa ya manta da maganar, ban da shi da ita.

Surukansa suka nuna masa yadda ake yi. Ana shiga kwalekwale a saki zare a baya, da ƙugiya da ɗan ƙarfe mai walƙiya, a riƙa tuƙi a hankali, ƙarfen yana juyi cikin ruwa kamar ƙaramin kifi. In giwan ruwa ya cafka, fizga ɗaya yake yi. Fitarsu ta farko, fizgar nan ta raba sandar Kawu biyu. Daga ranar ya ce ba zai sake shiga ruwa ba sai ya samu sandar da ta isa. Har 'ya'yansa suka yi 'ya'ya yana zaɓe.

Maganarsa kullum ita ce, "Sandar jan giwan ruwa gajera ce mai kauri. Kai ya rusuna, mariƙi ya ƙi."

Inna kuwa takan ce, "Malam, kai dai duk jikinka mariƙi ne."

Ƙarfen walƙiyar ma ba ya saye. Cokulan Inna yake yanke wa wutsiya ya huda, har ta koma ɗaure ragowar a bakin zaninta.

Gwajinsa shi ne abin da unguwarmu ba za ta manta ba. Wai fizgar giwan ruwa fizgar rago ce, don haka duk gorar da ya saro sai ya ɗaura zarenta a ƙahon rago, ya sa a tsorata shi. Ragunan gidan suka gane, da sun hango shi da gora sai su shige ƙarƙashin rumbu. Ana nan sai ɗansa Garba ya aiko masa da sandar kanti daga Minna, doguwa siririya, mai abin naɗe zare. Kawu ya lanƙwasa ta ya ce, "Ta 'yan bakin gaɓa ce. Amma ba zan zalunce ta ba, ita ma a ba ta rago."

Da nasa suka ƙi fitowa, ya kwance na maƙwabciyarmu Maman Yohanna, wanda take turkawa don Kirsimeti. Rago ya zabura, abin naɗin ya yi ta kuka har zare ya ƙare. Muna cewa, "Kawu, saki!" Ina! Sai da ragon ya ja shi cikin kwata, sandar ta ce ƙaras.

Maman Yohanna ta fito da muciya a hannu. "Baba Bawa, tun damina nake tara wa ragon nan kitse, ka zubar da shi a gudu ɗaya?"

Kawu yana zaune cikin kwata ya ce, "Yi haƙuri 'yata. Ragonki ya ci jarrabawa. Sandar ce ta faɗi."

Gororin da yake sarowa a rufin madafa yake soke su, su sha hayaƙi su yi ƙwari. Akwai wata da ya raina tun da daɗewa, wai ba ta da ladabi. Inna ta gitta ta a saman murhu tana rataya masara da barkono. Shekarar da ƙafafunsa suka fara kumburi, bayan mun dawo da shi daga asibiti, Inna ta sauko da ita. Ta yi baƙi tana sheƙi.

"Malam, na gaji da jira. Ga wadda na zaɓa maka."

Ya kafa ta a cinya, ya lanƙwasa, ya saki. Ya shafa ta tun daga kai har mariƙi. Can ya ce, "A samo rago."

"Babu rago," in ji Inna. "Ruwa za ka."

Muka shiga mota zuwa Yauri. Sale, ƙanen Inna, ya ba da kwalekwalensa, ni da shi muna tuƙi, Kawu yana baya rungume da gora. Tun hantsi har rana ta take, kifi bai cafka ba, ni kuwa ina kallon ƙafafunsa ina tunanin ba za mu samu wata fitar ba. Sai kan gorar ya rusuna. Kawu ya ƙanƙame mariƙi yana salati, yana cewa mu tsaya, mu tafi, mu tsaya. Da muka jawo zaren, ga kifi bai fi tsawon damtse ba.

Sale ya kwanta da dariya. "Yaya, wannan ai ba a yaye shi ba."

"Giwan ruwa ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"To ran da na yi alkawari ka ji na faɗi girma?"

A gida Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Malam, ka tafi neman giwa ka dawo da jikanta." Sai ta juya mana baya tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyarawa. Ta yi farfesunsa, ba ta ɗiba wa kowa ba, ko jikoki. Su biyu suka ci a kwano ɗaya, da cokalin da ta kwance daga bakin zaninta.

Kawu bai ga wata daminar ba. Gorar tana nan a saman murhu, sai dai Inna ba ta ƙara rataya mata ko ƙwayar barkono ba. Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa da haƙƙin ragunan unguwa. Allah ya ba Inna Kulu haƙurin rashinsa, irin wanda ta yi tana jiran kifinta.