Tabarmar Yayata da Hannuna na Hagu

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka ɗinka tabarmar auren yayata ba. Mu biyar ne a tsakar gida: kakata mahaifiyar baba, inna, gwaggo, yayata amarya, sai ni, ban fi shekara sha biyu ba. A ƙauyenmu ne kusa da Madawa, zamanin da nasara ke ɗiban samari soja.

Ni bahaguwa ce. A gidanmu kuwa saƙar kaba ce sana'ar mata. Kowacce takan saƙa dogon ziri, sannan a haɗa da basilla ya zama tabarma. Tun ina ƙarama inna ke buge mini hannun hagu da tsinken kaba, har na koyi saƙa da dama. Amma wace irin saƙa! Sako-sako, ɗan tsako ma sai ya zura kai. Gwaggo ta riga ta yanke hukunci: in zirina bai yi kyau wannan karon ba, za a cire ni daga masu saƙa, in koma kiwon awaki. Ba kiwon nake tsoro ba. Yayata za ta tafi Buza, gidan miji, ina son ta riƙa taka wani abu da hannuna ya yi.

Don haka na koma saƙa a sace. Kullum da hantsi sai in laɓe bayan rumbu in saƙa da hagu. Nan hannuna ke gudu, saƙar ta matse, jan karan dafi ya hau tsaf. Abin da ban lura da shi ba, zanena ya karkata ne ta wancan ɓangaren, saɓanin na kowa.

Kaka ce mai ɗinki. Idonta ya yi rauni, da yatsa take gani. Ta haɗa zirina da na inna, sai da ta ɗinka kamu biyu sannan ta tsaya tana shafawa.

"Wagga saƙa ta wa ce?"

Gwaggo ta leƙo, ta kama haɓa. "Ai aikin hagu ne. Ku kwance shi. A kai ma amarya hagu ɗaki? Mi dangin miji za su ce?"

Inna ta harare ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kaka kuwa ba ta saki basilla ba. Ta ce da gwaggo, "Ke, in kina saƙa, da wane hannu kike riƙe kabar?"

"Da hagu, Inna," in ji gwaggo, don haka take kiran kaka.

"To duk tabarmin da kika yi shekara talatin, sai mu kwance rabi?"

Yayata ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta jawo tabarmar zuwa rana, muka duba. Inda zanena ya haɗu da na inna, layukan sun tashi baki da baki kamar sawun zabuwa a kan rairayi. Ba mu taɓa ganin irinsa a gidanmu ba.

"Ni dai haka nake son ta," in ji yayata. "Duk wanda ya tambaya, in ce ƙanwata ta yi."

Kaka ta ja kunnena, ba da zafi ba. "Ƙawata, laihinki ɗaya, ɓoyo. Wata guda kina bayan rumbu kamar ɓera. Kin zata ban jin motsin kaba?"

Gwaggo ba ta ce na yi daidai ba, kuma har ta rasu ba ta faɗa ba. Amma ita ce ta miƙo wa kaka sauran zirina.

Yau jikokina suna cewa ina da tsanani, kuma gaskiyarsu. Ban yarda da ƙyuya ba, ban yarda da aikin ganin ido ba. Amma kafin in tsawata wa yaro, nakan duba: lalaci ne, ko kuwa haka Allah ya yi shi? Lalaci ake gyarawa. Halitta kuwa, wuri ake nema mata, kuma mai ita ne zai fara daina jin kunyarta.

Washegari da na gama shara, na ci ɗumame da hannun dama kamar kowa. Sannan na ɗauko kabata, na zauna tsakiyar gida, gab da gwaggo, na fara sabon ziri da hagu.