Shekarar da Muka Yi Jinya da Akuyata

Har yau in na bi ta gaban mai tsire a Gumel, ƙanshin hanta a kan garwashi ya bugi hancina, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na ƙauye, can bayan Sule Tankarkar, ina 'yar shekara takwas.

Ina da wata jar akuya da Kawu ya ba ni tun tana shan nono. Tare muke yawo, ni ba takalmi, ita tana kiwo a bakin kududdufi. A daminar wannan shekarar, gero na fitar da kai, sai ta daina tsalle. Gashinta ya yamutse, ƙasan haɓarta ya kumbura, kaska ta cika mata kunne. Ni ma lokacin ban daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. In na ɗauko tulu daga rijiya sai na huta sau uku, zuciyata na dukan ƙirji. Kuma ina da wani sirri: nakan ɓantari ƙasar katanga in ci, ƙanshinta bayan ruwa ya fi mini alewa.

Wata safiya na janyo akuyar gaban Kaka, mahaifiyar Baba, ina kuka. Ta ajiye faifanta, ta ja fatar idon dabbar ƙasa. Fari fat.

"Babu jini," ta ce. "Tsutsa da kaska sun shanye shi."

Har na juya sai ta riƙo hannuna, ta ja nawa idon, ta juya tafina, ta dubi farcena. Ta ƙwala wa Inna kira.

"Zo ki gani. Akuya biyu ne ba lafiya a gidan nan."

Washegari Baba ya ɗora ni a babur zuwa asibitin Gumel. Ma'aikaciyar ta tsaga mini yatsa ta gwada jinina, ta ce sauro da tsutsar ciki ne suka haɗu a kaina, da an ƙara jinkiri sai an yi mini ƙarin jini. Ta kuma ce in daina yawo ba takalmi. A hanya Baba ya tsaya ya saya mini silifa shuɗi. Ranar kasuwar Maigatari kuma Kawu ya samo maganin akuyar wurin malamin dabbobi, ya dawo mini da hanta a ƙunshe cikin takarda.

Daga nan Kaka ta mai da jinyar gasa. Duk Juma'a takan tsayar da mu, ni da akuya, ta duba idanunmu gaban jama'ar gida, ta faɗi wadda ke gaba. Ni kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wake, miyar rama, da ƙwayar magani mai warin ƙarfe. Ita harawa da dusa. Gida ya rabu biyu: yayyena suna bayan akuya, Inna da gwaggona suna bayana. In na ture kwano sai wani ya ce, "To, ja dai ta cinye nata." In koma in suɗe shi tas. Ƙanena, da ya gano sirrina, ya zama mai gadin katanga, da na nufe ta sai ya yi ihu.

Akuyar ce ta yi nasara. Ana girbin gero ta haura danga ta cinye wa maƙwabci wake. Mako biyu bayan nan na ɗauko tulu daga rijiya har randa ban sauke ba, gwaggona ta yi guɗa kamar an kawo amarya.

Yanzu akwai ɗakin shan magani a ƙauyen, ana raba gidan sauro, ana ba awaki maganin tsutsa kafin damina. Da 'yata ta yi irin wannan ciwon bara, gwaji ɗaya aka yi aka gane, na gode wa Allah. Amma gidan haya muke, mu huɗu. Ni kaɗai na zauna gabanta da kwanon zogale, ina lallashi, ina neman wanda zan ce mata yana gaba da ita.